Tsargiya a Tsanyawa, kansa a Kano: Wa zai yi mana binciken?

Ka tuna watan Mayun 2025, lokacin da labari ya ɓulla cewa tsohon shugaban Amurka Joe Biden na fama da kansa, har ta kai ga ƙashinsa? Kwana biyu ana ta cece-kuce a Facebook da X. Wasu na jajantawa, wasu na cewa alhaki ne. Wataƙila kai ma ka ajiye naka kwament ɗin. Kafafen Hausa da yawa sun rubuta cewa "kansar mafitsara" ce ta kama shi, muka karanta muka wuce.

To a nan gizo ke saƙar. Ciwon Biden na furostet ne, wani ɗan ƙullutu da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, wanda hanyar fitsari ta ratsa ta cikinsa. Ita kuwa kansar mafitsara ta ainihi, wadda ke cin jakar da fitsari ke taruwa a ciki, cuta ce daban, kuma ta fi kusa da gidanku fiye da yadda kake zato. Cuta biyu muka haɗa a suna ɗaya. Idan sunan ma bai zauna a bakinmu ba, ina ga binciken?

Maganar da nake son mu yi yau ke nan: wa ke horar da likitocin da za su binciki waɗannan cututtuka a ƙasarmu, ina ƙofofin suke, kuma me ya sa abin ya shafe ka ko da ba ka taɓa riƙe littafin likita ba.

Abin da ke cikin ruwa

Idan ka bar Kano ta hanyar Katsina, ka wuce Dawanau da Bichi, sai Tsanyawa. Ƙasar noma ce, ƙauye na bin ƙauye, gona na jingine da gona. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar mutum sama da 157,000. Da damina kududdufai kan cika, da rani kuma a koma fadama. A maƙwabta akwai madatsar Watari ta Bagwai da ta Gari, inda ake noman rani. Duk wanda ya tashi a irin wannan wuri ya san daɗin iyo a kududdufi bayan an tashi daga makarantar allo. Ya kuma san abin da kan biyo baya: yaro ya zo ƙarshen fitsari ya ga jini. Tsargiya ke nan. A wasu garuruwan har dariya ake yi, a ce ai yaro ya fara zama namiji.

Ga yadda abin yake. Mai tsargiya ya yi fitsari a ruwa, ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe, ya shiga jikin wani ƙaramin dodon koɗi, ya hayayyafa a can, sannan ya fito yana yawo a ruwa. Ba sai ka sha ruwan ba, ta fata yake shiga. Tsutsar ta girma a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara, ta yi shekaru tana zuba ƙwai ɗaruruwa kullum. Wasu ƙwan su fita da fitsari, wasu su maƙale a bangon mafitsara. Waɗanda suka maƙale su ne matsalar: kumburi, rauni, tabo, shekara da shekaru. Jinin kan ɗauke idan yaro ya girma, kowa ya ɗauka an warke. Bayan shekara 20 ko 30, a jikin wasu daga cikinsu, wannan tsohon rauni sai ya rikiɗe ya zama kansa.

Kada ka firgita, ba kowane mai tsargiya ne ke kaiwa nan ba, kaɗan ne daga ciki. Amma kaɗan daga cikin miliyoyi mutane ne masu yawa, kuma Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu tsargiya. Tun 1994 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wato IARC da ke Liyon a Faransa, ta saka wannan tsutsa a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa, rukuni ɗaya da taba sigari. Ke ma 'yar'uwa ba ki tsira ba, domin ƙwan na iya maƙalewa a mahaifa da gaban mace, ya riƙa kawo ciwo da zubar jini, a yi ta shan maganin sanyi a banza.

Abin da likitocinmu suka gani

Likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano sun taɓa zama suka duba sakamakon gwajin nama na shekarun 1998 zuwa 2001, suka wallafa a 2003. Sun samu cewa kashi 53 cikin 100 na kansar mafitsara a Kano nau'in da ake kira sikwamos ne, wanda ke tasowa bayan bangon mafitsara ya daɗe cikin rauni. Maza sun ninka mata sau biyar. Matsakaicin shekarun masu cutar bai kai 49 ba. A Sakkwato ma, binciken Farfesa Ismaila Mungadi da abokin aikinsa a 2007 ya nuna wannan nau'in ne ke kan gaba.

Yanzu kwatanta da Amurka. A can kusan tara cikin goma na kansar mafitsara wani nau'i ne daban, wanda babban sanadinsa taba ce, kuma matsakaicin shekarun da ake gano ta 73 ne. Wato tasu cutar tsofaffi ce da suka yi ritaya, tamu kuwa ta magidanci ce mai ƙananan 'ya'ya, wanda gidan gaba ɗaya ke ci daga garmarsa. Magungunan da manyan kamfanoni suka kashe biliyoyi a kai, da jagororin da ɗalibin likitanci ke haddacewa, mafi yawansu a kan irin tasu aka gina su. Nau'in sikwamos ba ya jin allurar kansa sosai. Galibi mafita ita ce a cire mafitsarar ɗungurungum, idan an zo da wuri. Mutanenmu kuwa sai an gama da kemis, an gama da mai maganin gargajiya, an sayar da akuya, sannan a nufi Kano da robar fitsari a rataye.

A ɓangaren furostet ma haka zancen yake. Ita ce kansar da ta fi kama mazan Najeriya, ƙiyasin IARC na 2022 ya nuna sabbin kamuwa sama da 18,000 a shekara. A Ingila an gano baƙar fata ɗaya cikin huɗu zai kamu da ita a rayuwarsa, alhali a sauran maza ɗaya ne cikin takwas. Kwamitin masana na mujallar Lancet ya yi hasashe a 2024 cewa masu kamuwa a duniya za su tashi daga miliyan 1.4 a 2020 zuwa miliyan 2.9 a 2040, kuma ƙasashe irin namu ne za su fi jin jiki. Sai dai ka san daga ina alƙaluman Najeriya ke fitowa? Daga rajistar wasu 'yan birane irin su Ibadan da Abuja da Kalaba ake lissafa na ƙasa baki ɗaya. Babban binciken ƙwayoyin gado na ƙungiyar MADCaP, da ya fito a 2024 kan maza sama da 7,000 daga Senegal, Gana, Najeriya, Afirka ta Kudu da Yuganda, a Ibadan da Abuja ya tattara 'yan Najeriyarsa. Aiki ne mai kyau ƙwarai, amma dattijon da ya rasu a 'Yankamaye ko Gurun bayan wata shida yana fama da fitsari, ba ya cikin lissafin kowa.

Rashin lissafi kuma yana da farashi. Asusun tallafa wa masu kansa na gwamnatin tarayya, da ya fara aiki a 2021, ya soma ne da kansar mama, ta bakin mahaifa da ta furostet. Ta mafitsara ba ta cikin ukun. Wanda bai kawo adadi teburin kasafi ba, ba ya samun kaso.

Darasin Masar

Ba mu ne farkon shiga wannan hali ba. A Alƙahira wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, ya gano tsutsar a 1851, a can kuma aka fara alaƙanta ta da kansar mafitsara a 1911. Manoman bakin Nilu sun sha wahalar da manomanmu ke sha. Abin da Masar ta yi shi ne ta gina masananta. Farfesa Mohamed Ghoneim ya kafa cibiyar mafitsara da ƙoda a Mansura a 1983, a tsakiyar yankin manoma, nesa da fadar gwamnati. Likitocin wurin suka riƙa yi wa dubbai aiki suna rubuta komai, har duniya ta koma karanta sakamakonsu. A gefe guda gwamnati ta dage da rabon maganin tsargiya. Bayan shekaru, alƙaluman cibiyar kansa ta Alƙahira suka nuna nau'in sikwamos ya ja baya sosai, shekarun masu kamuwa kuma sun ƙaru. Cutar da ake ganin ƙaddara ce ashe tana jin magana.

Ina ƙofofin suke?

Idan kai ɗalibin likitanci ne a Bayero, ko Ahmadu Bello, ko Usmanu Ɗanfodiyo, ko kana da ƙane ko ƙanwa a can, ga taswirar. Shekara shida a jami'a, shekara ɗaya ta sanin makamar aiki, shekara ɗaya ta hidimar ƙasa, sannan kusan shekara shida na horon ƙwarewa a ƙarƙashin Kwalejin Manyan Likitoci ta Ƙasa da ke Ijanikin a Legas, ko Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma. Daga JAMB zuwa zama ƙwararren likitan mafitsara, lissafa shekara 14 idan babu yajin aiki.

Ƙofa ta farko tana cikin wannan horon. Ba a ba ka shaidar ƙarshe sai ka rubuta kundin bincike. Matsalar ita ce da yawa na ɗaukarsa wani shinge ne da za a tsallake, a ci jarrabawa, kundin ya kwanta a kabad yana shan ƙura. Alhali shi ne damar farko ta ɗauko tambaya daga ƙauyenku ka mayar da ita takardar da duniya za ta karanta.

Wuraren koyo ma muna da su a kusa. A Kano akwai Asibitin Malam Aminu, wanda ke dashen ƙoda tun 2002, da asibitin mafitsara na Abubakar Imam. A Sakkwato akwai Cibiyar Mafitsara da Ƙoda ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Zariya na da sashen gashin kansa, kuma a Yulin 2025 aka buɗe sabuwar cibiyar kansa a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. A matakin ƙasa akwai NICRAT, hukumar bincike da maganin kansa, wadda aka yi dokarta a 2017 ta kuma fara aiki a 2023 ƙarƙashin Farfesa Usman Malami Aliyu. Horar da masu bincike na cikin aikin da doka ta ɗora mata. Malaman jami'a kuma na iya neman kuɗin bincike daga asusun TETFund.

A waje, IARC na ba matasan masana daga ƙasashe masu tasowa gurbin bincike na shekara biyu. Ƙungiyar UICC da ke Janiba na ɗaukar nauyin gajeren zango na makonni, ka je ka koyo fasaha ɗaya ka dawo. Ƙungiyar likitocin mafitsara ta duniya, SIU, na da tallafin horo na 'yan watanni. AORTIC, ta masu binciken kansa a Afirka, na taro duk shekara biyu, inda matashi ke iya gabatar da aikinsa ya haɗu da wanda zai riƙe hannunsa. A Amurka kuwa, wanda ya gama ƙwarewa kan ƙara shekara biyu a fannin kansar mafitsara da ƙoda, galibi shekara guda cur a ɗakin bincike. Ka ga amfanin wannan tsari a Cibiyar Kansa ta Ƙasa da ke Bethesda: Dakta Marston Linehan da abokan aikinsa sun bi diddigin iyalan da kansar ƙoda ke bi musu jini, suka gano ƙwayar gadon da ke jawo ta a 1993, a 2021 kuma aka amince da maganin da aka gina kan wannan ilimi. Shekara 28 tsakani. Bincike ba aikin mai gaggawa ba ne.

Wani gargaɗi, tunda a waya kake rayuwa: duk "sikolashif" ɗin da aka turo maka a WhatsApp aka ce ka tura kuɗin fom zuwa asusun wani mutum, damfara ce. Je ka shafin hukumar da kanka.

Ƙofar waje na tsukewa

Ga abin da ya sa maganar ta zama ta yanzu. Daga Janairun 2025 TETFund ta dakatar da tura malamai karatu waje, tana kukan tsadar dala da kuma waɗanda ke tafiya su ƙi dawowa. A shekarar ce gwamnatin Trump ta rushe USAID, wadda ke tallafa wa yaƙi da cututtuka irin tsargiya a Afirka, ta tsaurara hanyar da kuɗin binciken Amurka ke bi zuwa jami'o'in waje, ta kuma gabatar da kasafin da ya nemi a rufe cibiyar Fogarty, wadda ta daɗe tana horar da masu bincike daga ƙasashenmu. A Yulin 2025 aka mayar da yawancin bizar 'yan Najeriya ta shiga sau ɗaya, wata uku.

Su kuma waɗanda muka horar suna ta fita. Ministan lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate da bakinsa ya ce likitoci kusan 16,000 sun bar ƙasar a 'yan shekarun nan. Kafin ka zage su a kwament, tsaya ka yi tunani. Likitan da ke ganin marasa lafiya tun safe har la'asar, ya kwana a ɗakin tiyata, ya dawo gida ba wuta, da wane lokaci zai zauna ya yi bincike? A ƙasashen da suke gudu zuwa, ana ware wa likita kwanaki a mako don bincike kawai, kuma ana biyansa a kai. Tura mutum horo ba tare da tanadar masa wannan lokaci da kayan aiki ba, kamar ka koya wa yaro tuƙi ne ka hana shi mota. Wata rana zai tafi inda motar take.

Kano ta taɓa yi

Kada wani ya ce maka ba za a iya a nan ba. A Kano da Kaduna aka yi gwajin SPRING, tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, wanda ya fito a 2022 ya nuna ƙaramin awo na maganin haidiroksiyuriya ya isa kare yara masu sikila daga shanyewar ɓarin jiki. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero na cikin jagororin binciken E-MOTIVE na 2023, wanda ya rage mummunar zubar jini bayan haihuwa da kashi 60 cikin 100, duniya kuma ta ɗauka. Mutanen nan a Kano suke, Hausa suke yi da marasa lafiyarsu.

Wannan na ƙarshen yana da nauyi, domin Kano na da tabo. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara, cikin 200 da aka sa a gwajin 11 suka rasu. Kamfanin ya musanta laifi, amma a 2009 ya sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75, daga ciki ne aka gina cibiyar bincike ta KIRCT da ke Kwanar Dawaki. Har gobe idan ka ce "bincike" a ƙauye, wani zai ja ɗansa gefe. Wanda zai iya zama a zauren mai gari ya yi bayani dalla-dalla, ya nemi izini da harshen da aka fahimta, ya kuma dawo da sakamako, ɗan gida ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Tambayoyin kuma ga su nan a zube. A cikin yara ɗari masu tsargiya, wane ne zai kai ga kansa, kuma za a iya gane shi da wuri? Gwajin fitsari mai araha da hoton ciki a asibitin ƙaramar hukuma za su iya kama cutar kafin ta yi nisa? Wata nawa manomi ke ɓatawa tsakanin ganin jini da ganin likita, kuma a ina lokacin ke zurarewa? Babu ɗaya daga cikinsu da ke buƙatar injin biliyan. Suna buƙatar mutum mai horo, da lokaci, da littafin rajista da ba a yi masa ƙarya.

Naka aikin

Idan likita ne kai ko ke, fara tun yanzu. Nemi malamin da ke wallafa takardu ka manne masa, koyi lissafin alƙaluma, ɗauko tambaya ɗaya daga garinku. Masu tantance masu neman gurbi sun gaji da jin "ina son taimaka wa al'ummata". Suna son ganin tambaya takamaimai da shaidar cewa ka riga ka fara.

Idan ba likita ba ne, bincike na buƙatar ma'aikatan jinya, masu gwaji, masu kwamfuta, har da wanda ya karanta Hausa, wanda zai samo mana sunan da zai raba furostet da mafitsara. Sannan kana da murya. A 2023 gwamnatin Kano ta sanar da shirin tura ɗalibai 1,001 karatun digiri na biyu a waje. Idan an sake irin wannan, tambayi gurbi nawa aka ware wa binciken cututtukan da ke kashe mutanen karkara, da kuma abin da aka tanadar musu idan sun dawo. Tambayi ɗan majalisarku yaushe za a yi rajistar kansa da za ta game ƙananan hukumomi 44. Ranar da ɗan siyasa ya zo yawon kamfe da shinkafa, wannan tambayar ta fi "sai ka yi".

A gida kuma, abu uku. Idan ƙanenka na fitsarin jini, kai shi asibiti. Maganin sunansa furazikwantel, ana raba shi kyauta a makarantu lokacin gangami, kuma tun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a haɗa da manya da yara daga shekara biyu a inda cutar ta yi yawa. Ana iya sake kamuwa, don haka sha ɗaya ba ya wadatar har abada. Idan babba ne ya ga jini a fitsari, ko sau ɗaya ne, ko babu zafi, maganar ta wuce kemis. Idan kuma Baba ya haura 45, musamman in yana tashi fitsari sau da yawa da dare ko yana fita da ƙyar, a je a ga likita a yi maganar gwajin jini na PSA. Sau da yawa kumburin tsufa ne kawai, amma likita ne zai faɗa.

Na san da kunya ɗa ya tambayi mahaifinsa yadda fitsarinsa yake. Bi ta wajen Inna, ko kawu, ko amininsa na masallaci. Soyinka ya fito a 2014 ya gaya wa duniya an yi masa maganin kansar furostet, ya ci gaba da rayuwarsa, domin an gano ta da wuri. Baba ma ya cancanci wannan damar.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya kuma fito mana da masu binciken daga cikinmu.